Sawu a Kan Ramin Ɓaure

Firmin Vasselin ya tsufa a garin Argenteuil yana binne ɓaure. Da sanyi ya kawo kai, sai ya tanƙwara rassan cikin rami ya rufe da ƙasa, in ya wuce ya tono su da ransu. Matarsa Honorine, mai jan ƙafar hagu, ita ke bi tana take ƙasar da takalmin katako.

Akwai itacen ɓaure guda a bayan gida da ta zo da reshensa daga gidan ubanta. Masu sayar da dashe sun duba littattafansu kaf, babu irinsa. In ya mutu, shi ke nan.

Shekarar da Honorine ta rasu, ciwon baya ya kwantar da Firmin, ga ƙanƙara na tafe. Ya roƙi maƙwabcinsa Gaspard ta taga ya binne masa itacen.

"Haba tsoho, nawa ma ban gama ba! Bari sai jibi. In ka riga shi mutuwa, na haɗa ku rami ɗaya."

"Jibi ai gawa za ka binne, ɗan banza."

Gari ya waye fari fat. Firmin ya dogara sanda ya zagaya, ya tarar da itacen a binne, an take ƙasar tsaf.

Gaspard ya leƙo ta shinge, ya cire hula. "Na rantse ba ni ba ne."

Firmin kuwa sawun da ke kan ramin yake kallo. Na dama ya fito sarai, na hagu kuwa jan ƙasa ne. Ya bi su da ido. Ba maƙabarta suka koma ba, ƙofar kicin ɗinsa suka shiga.