Tumakin Karatun 'Yata

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ranar da na je karɓo tumakin karatun 'yata ta fari ba za ta fita daga raina ba.

Ni a firamare na tsaya, kuma Allah ya yi ni da yawan tunanin gobe. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a Dutse, maigidana yana tuƙa adaidaita. Ranar sunan yarinyar, mahaifiyata ta ba ta tunkiya kamar yadda ake yi a danginmu, don dabba ta girma tare da mai ita. Tun ranar na ƙudurta a raina wannan tunkiya ita za ta kai ta jami'a. Gidan haya muke, babu wurin ɗaure ko akuya, sai muka kai ta kiwo wurin yayan maigidana a wani ƙauye ta bayan Miga, a kan in ta haihu sau biyu namu, na uku nasa.

Duk sa'ad da na samu sarari sai in sayi dusa da kanwa in ba mota ta kai. In na ji ana mutuwar dabbobi a wani gari, ranar ko abinci ba na iya ci. In mun je gaisuwar salla nakan leƙa garke, in ga tumaki fal, amma ban taɓa cewa a nuna mini namu ba. A wurinmu ba a ƙirga dabba a gaban babba, rashin kunya ne. Nakan dai tambaya, "Yaya, ya dabbobi?" Ya ce, "Sai godiya, Amarya, suna ta yaɗo." Amarya yake kira na har na yi furfura.

Da sunan yarinyar ya fito a jami'a, aka ba da ɗan lokaci na biyan kuɗin rajista da na ɗaki. Maigidana ya ce mu je ƙauyen ni da ita, shi ba zai bar aiki ba. A mota tana ta ba ni labarin abin da za ta karanta, ni kuwa ina tunanin ko mota ɗaya za ta ɗauke tumakin zuwa kasuwa.

Yaya ya karɓe mu a zaure da fara'a, aka kawo fura. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo mu. Sai ya gyara hula.

"Ikon Allah. Amarya, ai da kin yi magana tun bara."

Ya shiga faɗa mini a natse, kamar mai ba da labarin damina. Raguna sun tafi a sunan 'ya'yansa da layya. Wasu an sayar an sayi taki. Manyan kuwa su suka yi wa 'yarsa kayan ɗaki. "Ke ma ai kin ci shinkafar bikin," in ji shi.

Na ce, "Yaya, amma na yarinyar nan ne. Kakarta ce ta ba ta."

Ya yi dariya. "To ni ba ubanta ba ne? Abin da ke gidan nan ai na gida ne. Ko lissafi kika zo yi da ni?"

'Yata, wadda ba ta taɓa ɗaga ido a gabansa ba, ta ce, "Baffa, ko guda biyu ne a taimaka, kada a rufe rajista."

"Ke, karatu guduwa zai yi? Baɗi ma ai shekara ce."

Daga ƙarshe ya sa aka jawo wata tsohuwar tunkiya mai ɗingishi, ya ce mu tafi da ita, kada mu koma hannu rabbana. Har godiya na yi masa.

Da muka dawo na faɗa wa maigidana, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yayana ne, shi ya riƙe ni. Me kike so in ce masa?" Na sayar da tunkiyar, na sayar da injin niƙan gyaɗata, na roƙi uwar adashi ta ba ni ɗauka kafin lokacina, ta ce layi ya riga ya tsaru. Kafin abin ya haɗu an rufe. Da yarinyar ta sake rubuta jarrabawa, makinta bai kai ba. Yanzu tana koyar da ƙananan yara a wata makarantar unguwa. Ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai in ƙawayenta sun dawo hutu takan ce a faɗa musu ba ta nan.

Har yanzu muna zuwa gaisuwar salla, har yanzu ina durƙusa wa Yaya. Amma ƙannenta kowa na buɗe masa asusu a banki da sunansa, shi yake kai ɗan abin da na samu da hannunsa, ya dawo ya faɗa mini abin da ya taru. Abin da na koya shi ne, tanadin karatun yaro a ajiye shi inda za ki iya tambaya ba tare da kin durƙusa ba.