Gaisuwar Juma'a da Ta Ci Mani Zogala

Abubuwa da yawa na manta a rayuwata, wasu ma da gangan, amma abin da ya gudana tsakanina da wani Alhaji na Maraɗi da ɗan kawuna, ko ina kan gargara aka tambaye ni zan faɗe shi daki-daki. Ba zan kama sunan kowa ba. Wanda ya yi ya san ya yi, in kuma wani ya karanta mashi, to ya ji.

Ni mai garka ne, wato lambu, a Jiratawa. Lakkwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, babana ya cire ni ya miƙa mani hauya, don haka kada wanda ya jira daɗin baki daga wurina. Abin da na sani shi ne zogala. Mutanenmu in sun tsige ganye sai su baza shi a rana, ya bushe ya koɗe kamar tsohuwar harawa. Ni kuwa a inuwa nake shanya tawa, ƙarƙashin runfar zana, bisa tabarmin da na ɗaga daga ƙasa, ana juyawa da hannu har ta bushe tana nan kore shar. Matan kasuwar Maraɗi su suka saba kwashewa tiya-tiya, suna yi suna taya mani kamar sadaka suke ba ni. Na gaji da wannan. Na ji ana cewa akwai wani Alhaji da kamiyoyinsa ke kai kaya Yamai, kuma mutanen can in azumi ya kama ba su buɗa baki sai da zogala. Na ce a raina, in mutumin nan ya yarda muka haɗa hannu, ni ganye shi mota, na huta da matan kasuwa.

Sai dai mutum irina ba ya tashi kawai ya faɗa gaban babban mutum, sai da wanda zai kai shi. Ɗan kawuna na Tsibiri dillali ne, kullum yana Maraɗi, babu ƙofar magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, da bai san mai ita ba. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara ba ya kirana sai “bawana”, ni kuma in ce mashi “ɓarawon kasuwa”, mu yi dariya. Shi ya kai ni gidan Alhajin a unguwar Zariya, da ɗan ƙullin zogala a leda.

Alhajin ya ɗebi ganyen ya murza, ya sunsuna, ya ɗaga shi ya duba a haske. Ya ce, “Wa ya yi wanga aiki?” Kafin in buɗe baki ɗan kawuna ya ce, “Bawana ne, Alhaji, ga shi nan zaune. Bawa kuwa da shi da kayansa duk na ubangidansa ne.” Aka yi dariya, har da ni. Alhajin ya ce, “Abin ya yi kyau. Bari mu duba, kafin azumi in Allah ya so. Ku riƙa leƙo mu.” Ya sa aka ba ni nimeronsa na salula. Na fito ina jin kamar an naɗa mani rawani.

To daga nan ne matsalar ta soma, domin “ku riƙa leƙo mu” magana ce mai faɗi. In ka cika zuwa ka zama maroƙi, in ka ɗauke ƙafa an manta da kai. Matata ta ce in riƙa zuwa da kaina duk Juma'a. Ɗan kawuna ya ce, “Kai baƙauye ne. Manya ba su son naci, kuma ba a tsallake wanda ya kai ka. Ka riƙa ba ni saƙo, ni kullum ina ganinsa. Kai dai ka riƙa gaishe shi a salula, kada ka kuskura ka ambaci zancen kaya, rashin ladabi ne.” Maganarsa ba ƙarya ba ce, haka muka tashi muka ga ana yi. Wanda ya riƙe hannunka ya shigar da kai zaure, ta bakinsa ake komawa.

Saboda haka duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai in koma bayan ɗaki, inda kukan awaki ba zai shiga ba, in ɗauki murya. “Salamu alaikum Alhaji, barka da Juma'a, mai zogala ne na Jiratawa, gaisuwa ce kawai, Allah ya ƙara arziki.” Sai in saurara, in ga kamar na yi sauri, in goge in sake. Ni da ko limamin garinmu ban taɓa tausasa wa murya haka ba. Alama ta nuna ya saurara. Wani lokaci ya aiko “amin”, wani lokaci hoton hannuwa biyu a ɗage, wani lokaci shiru. Kuma duk mako in ƙulla sabon ganye mafi kyau in ba ɗan kawuna ya kai mashi tsaraba.

Sai tambayoyi suka fara zuwa. Ɗan kawuna ya zo a kan babur ya ce Alhaji ya ce a tambaye ni, wai runfar tsawonta nawa. Wani makon, wai da safe ake yanka ko da marece. Wani makon kuma, wai in kayan sun yi yawa su wane ne a Jiratawa ke da zogala mai kyau da za a iya ƙarawa da tasu. Yana tafiya na shiga gida. Na ce wa matata, “Kin ga masu kuɗin nan? Mutumin ga so yake ya san yadda nake yi ya aiko yaransa.” Zargina duk ya tafi kan Alhajin. Na riƙa kwana ina tashi da shi, ina tuna yadda ya murza ganyen, yadda ya dubi ɗan kawuna bai dube ni ba, yadda “amin” ɗinsa ke gajarta. Har na faɗa wa ɗan kawuna, na ce ban yarda da Alhajin nan ba. Ya ce, “Ni ma ina lura da shi. Ka faɗa mani komi, ni in tace abin da zan kai mashi.” Na kuwa faɗa mashi komi. Wa zan ɓoye wa? A ɗakin uwata ya sha fura har ya girma.

A wannan tsakani na kori matan kasuwa. Duk wadda ta zo in ce babu, alhali buhuna suna nan jibge a ɗakin da na fitar da gadona saboda su. Na tuge masarar da ke gefen garkar na ƙara zogala. Lissafina shi ne kafin a ga watan azumi kamiyo zai tsaya a ƙofar gidana. In bai tsaya ba kuwa na san abin da ke jirana, domin bayan salla damina ce, kuma busasshen ganye ba ya shiri da laima.

Wata safiya ina tafiya garka na ga maƙwabcina yana kafa runfar zana. Na wuce gaba na ga wani ma ya kafa, har ya ɗaga tabarmi bisa itace, daidai yadda nake yi. Na ce, “Ina kuka samo wanga?” Ya ce, “A'a, gani muka yi ana yi,” yana magana yana duban ƙasa. Da ɗan kawuna ya zo karɓar tsarabar mako na ce mashi, “Ka ga abin da nake faɗa? Alhajinka ya turo mutane.” Ya kwashe da dariya ya ce, “Wane Alhaji? Ni ne, bawana. Na sayar da kai da runfarka, saura in zo in kwashi matarka da awaki.” Na ce, “Ɓarawon kasuwa, Allah ya shirye ka.” Na miƙa mashi ƙullin, har na ƙara mashi wani na gidansa. Mutum ya dubi tsabar idona ya faɗa mani gaskiya, amma da yake bakin taubashi ne, ba a ɗaukar maganarsa a auna.

Da azumi ya matso ban ji komi ba, matata ta ajiye mani tuwo ta ce, “Malam, gaisuwa dai ka ce. To gaisuwa haramun ce da ƙafa?” Washegari na sa rigata ta salla, na hau kabu-kabu har ƙofar magazar Alhajin, ban gaya wa kowa ba. A hanya ina ta tsara maganar da zan yi, mai ladabi, wadda ba za ta nuna na ƙosa ba.

Na tarar da kamiyo ana lodi. Tun daga nesa ƙamshin ya gaya mani ko mene ne a buhunan. Alhajin yana zaune kan kujera a inuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Alhaji, mai zogala ne na Jiratawa, na ce bari in leƙo in ga lafiyarku.” Ya ce, “Af, mai gaisuwar Juma'a! Sannu da ƙoƙari. Ina maigidan naka?” Na ce wane maigida. Ya ambaci ɗan kawuna. Ya ce, “Ai kun cika alkawari, kayan sun yi. Wanga shi ne lodi na biyu.” Na ce, “Alhaji, ko ganye ɗaya nawa babu a motar nan. Nawa suna ɗaki, ku nake jira.”

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce wai shi tun farko ya aika a kira ni, aka ce mashi ni aikin garka kawai na sani, ciniki sai ta hannun ɗan uwana. Ya ce, “Kai kuma kullum ka aiko murya, gaisuwa ce kawai, gaisuwa ce kawai. Ko sau ɗaya ba ka ce ina maganarmu ta kwana ba. Mi zan ɗauka?” Na ce to yanzu ga ni. Ya ce, “Na riga na ba shi kalmata ta bana, kuma ba ni shiga tsakanin 'yan uwa. Ka kai mashi naka ya haɗa, duk gida ne.” Ya sa aka kawo mani ruwan sanyi. Na sha, na yi godiya, har da “Allah ya ƙara arziki”, domin bakin ya riga ya saba.

Daga nan Tsibiri na zarce. Na same shi a ƙofar gida tare da kawuna, tsoho yana kan buzu. Na faɗi abin da ke bakina, ban rage ba. Ɗan kawuna ko gezau. Ya ce, “Baba, ka tambaye shi, na ɓoye mashi? Ban ce mashi ni ne ba? Dariya ya yi har ya ƙara mani tsaraba.” Kawu ya ce, “Haka aka yi?” Na ce haka aka yi, amma. Ya ɗaga hannu ya ce, “To babu amma. Tsakanin taubasai ba a shari'a. In uwarka tana da rai ba za ta so ta ji wannan ba. Kai kuma ɗana, ka karɓi kayan ɗan uwanka ka sa a mota.” Ɗan kawuna ya ce, “Ya kawo mana, ai bawana ne, zan duba mashi.” Wai shi zai duba mani. Na tashi na kaɗe rigata.

Ban kai mashi ba. Wasu sun ce girman kai ne, su suka sani. Na koma ina bin matan kasuwar da na kora, ɗaya ta ce, “A'a, abokin Alhaji, yau kamiyon ya lalace ne?” Suka ɗauki abin da suka ga dama yadda suka ga dama, domin a lokacin kowa a Jiratawa ya iya shanyar inuwa, kore ya cika kasuwa. Sauran buhunan ruwan farko ya same su a ɗaki, suka yi funfuna, ko awaki sai da suka yi yanga kafin su ci.

Har yau akwai abin da ban warware ba. Alhajin da gaske bai sani ba? Yana da nimerona, ya ji muryata duk Juma'a, da hannunsa ya murza ganyena ya tambayi wanda ya yi. In yana son gaskiya, danna salula kawai zai yi. Wani lokaci in ce shi ma rufe shi aka yi, wani lokaci in ce ya gani sarai ya kau da kai, tunda kaya na zuwa. Ɗan kawuna kuwa ya yi gida na siminti, muna haɗuwa a suna da jana'iza, ya ce “bawana”, ni dai ba ni amsawa.

Abin da na koya shi ne, ladabi ba shi ne ka haɗiye abin da ya kawo ka ba. Yanzu in na nemi mutum da wata harka, ina komawa da ƙafata, in gaishe shi har ƙasa, in tambayi iyali da gajiya, sannan kafin in tashi in ce, “Alhaji, ina maganarmu ta kwana?” In ya ce babu, na gode, na san inda na tsaya. In kuma ɗan uwa ya faɗa mani mugun abu yana dariya, sai in bar mashi dariyar in riƙe maganar.