Ƙofar Katakon Da Na Yi Wa Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara koyarwa a Safana, na ƙudurta sai na canza wa mahaifiyata ƙofar ɗakinta a Karare. Ta dā ta kwano ce, iska kaɗan ta kama ƙara. Na ce Inna ta wuce haka, ta katako zan yi mata, mai kauri irin ta gidajen birni.

Ranar kasuwar Batsari na shiga wajen masu katako ina ɗaɗɗagawa kamar wanda ya san abin da yake nema. Duk wanda na ji ya fi nauyi sai in ware shi gefe, don a tunanina nauyi shi ne ƙwari. Mai rumfar ya ce, "Malam, waɗannan sabon zuwa ne daga kudu fa." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Na kai wa wani dattijon kafinta a garinmu. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Ɗanye ne. A jingine shi a inuwa har bayan kaka."

"Baba, itacen da aka sare aka tsaga, ina ya ga ɗanyantaka? Kafin Sallah nake so."

Bai ja da ni ba. Ya yi ƙofar, ta yi kyau, mata suna shigowa kallo.

Da rani ya tsaya sai ƙofa ta fara ramewa. Tsakanin katako da katako ya buɗe har yatsa na shiga, sakata ta daina kai wa raminta. Inna ta cusa tsummoki. Na rasa gane kan abin, har na zargi kafintan da musanya mini kaya. Na sa shi ya cike kowace kafa da ɓarin katako, ya ƙara wani a gefe. Ya ce in bar mata ɗan wurin motsi, na ce ƙofa ba akuya ba ce, ya matse ta tsam.

Damina ta sauka. Wata safiya bayan an kwana biyu ana ruwa, aka aiko daga Darini cewa yayan Inna ya rasu, za a yi jana'iza da hantsi. Na tayar da babur, ita kuma ta shiga ɗauko mayafi. Iska ta bugo ƙofar ta rufe. Inna ta ja daga ciki, na tura daga waje, ko motsi. Ƙofar da wata uku baya ta yi wa gurbinta kaɗan, yau ta fi ƙarfinsa. Na tsaya ina kallonta kamar an canza mini ita.

"Kai ɗan nan," in ji Inna daga ciki, muryarta a sanyaye, "za su kai shi ban gan shi ba."

Na sa kafaɗa, na sa taɓarya, sai daɗa cijewa take. Sai da aka kira kafintan ya zo da kayan aikinsa ya ɓamɓare ɓarin da na tilasta shi ya ƙara. Ga hanya duk taɓo. Muna isa Darini muka tarar maza suna dawowa daga maƙabarta.

Bayan kwana bakwai na je na ba dattijon haƙuri. Ya ce katako ko an sare shi bai daina hulɗa da ruwa ba, da damina ya sha ya kumbura, da rani ya saki ya tsuke, ɗanye kuma ya fi kowanne. Nauyin da na bi na zaɓa ma ruwa ne. Na gyaɗa kai, amma gaskiya har yau abin bai gama zauna mini ba, yadda mataccen abu zai riƙa ƙiba da rama. Na dai koyi yin shiru in mai sana'a yana magana.

Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ne bayan shekaru na kasa daurewa, na ce ta yafe mini ganin ƙarshe da na hana ta. Tana tsince gyaɗa, ba ta ko ɗago ba.

"Ban riƙe ka ba," ta ce. "Amma in za ka sake yi mini wani alherin, ka fara tambayar wanda ya sani."