Ranar da Kwamfutocin Ofishinmu Suka Daina Saninmu

Shekarun baya, tun kafin furfura ta fara leƙo mini a gemu, na yi aiki a wani kamfani mai rarraba abincin kaji da na kifi. Hedikwatarsu tana Legas, mu kuma reshe ne a Kakuri, cikin garin Kaduna: ƙaton sito, ofisoshi 'yan kaɗan, da farfajiyar da tireloli ke juyawa. Ni ne mai kula da kwamfutoci. A unguwar Nasarawa nake zaune lokacin, ina sabon ango, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa don kowa a wurin Injiniya yake ce mini, alhali difloma ce kawai a hannuna.

Wanda na fi shaƙuwa da shi shi ne akantan sito, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Gonin Gora. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba nake ce masa, amma abokina ne na gaske. Tare muke cin abincin rana a kan benci ɗaya. In azumi ya zo sai ya ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan janareta don kada in gani. In Kirsimeti ta zo kuma matarsa ta aiko mana da shinkafa da kaza, ta ce a gaya wa amarya Musulmi ne ya yanka.

Lokacin da na fara aiki, kowace kwamfuta da tata kalmar sirrin, kuma rabin ma'aikata sun rubuta tasu sun manna a jikin tebur. Can hedikwata kuwa suna da abin da ake kira domen, wato babbar kwamfuta guda da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Namu injinan tsofaffi ne, ba sa jin yarenta. Sai na ɗaura ɗamarar haɗa su. Na ɗora wa kowacce wani ɗan shiri da mu masu sana'ar muke kira sabis. Ba shi da hoto, ba shi da taga da za ka buɗe ka gan shi. Da an kunna kwamfuta zai farka ya zauna a bayan fage. In ka rubuta sunanka, sai ya garzaya Legas ta netwok ya tambaya ko an san ka. In aka ce an sani, ya buɗe maka. In aka ce ba a sani ba, ko kai ka sayi teburin da kuɗinka, a waje za ka tsaya.

Na sha wahala kafin ya zauna. Na saita shi ya riƙa tashi da kansa, in ya faɗi ya sake miƙewa. Da yake netwok ɗinmu yakan ɗauke yadda ya ga dama, na kuma saita shi ya riƙa tuna waɗanda ya taɓa buɗe wa, don in Legas ba ta amsa ba ya yi aiki da abin da ya haddace. Ranar da ya fara aiki sumul, na koma gida na zaunar da matata ina yi mata bayani har tuwo ya huce. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Yanzu za ka ci ko in rufe?"

Haka aka daɗe ana tafiya, har mutane suka manta akwai wani abu a tsakaninsu da aikinsu.

Wata Litinin da safe ina cikin keke, ko Kakuri ban shiga ba, sai ga kiran abokina.

"Injiniya, na'urarka fa ta ce ba ta san ni ba."

Na yi dariya na ce, "Baba, duba ko ka bar manyan baƙaƙe a kunne."

"Na duba. Har gilashi na sa."

Ko da na isa, ba shi kaɗai ba ne. Mai karɓar kuɗi ta kasa shiga, mai fitar da kaya ya kasa. Wasu 'yan kaɗan sun shiga lafiya suna aikinsu. Manajanmu ba ya nan, tun makon da ya wuce aka kira shi Legas, wayarsa kuma a kashe. Ga shi tsarin kamfanin ba a fitar da buhu ko ɗaya daga sito sai an shigar a kwamfuta. A farfajiya masu gonakin kaji sun fara jeruwa da motocinsu. Cikinsu har da wata Hajiya mai gona a Kakau, wadda ta leƙo ofishina ta ce, "Malam, kajina tun jiya ba su ga tsaba ba. Kai ne aka ce ka riƙe mu?"

Na ce mata, "Yanzun nan, Hajiya, in sha Allahu." Da gaske nake. Har wani ɗan daɗi nake ji a raina, don rana ce da kowa zai ga amfanina.

Na zauna na fara bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Na duba sabis ɗin, yana raye. Na tsayar da shi na sake tayarwa, ya tashi ba gardama. Na duba agogo, don in agogon kwamfutarka ya saɓa da na hedikwata ba za su yarda da juna ba, daidai suke. Na duba netwok, ban taɓa ganinsa da ƙarfi irin na ranar ba. Na sa sabis ɗin ya gwada ko Legas tana amsa mana, ta amsa nan take. Komai lafiya, amma abokina yana tsaye a bayana, sunan da ya yi shekaru yana shiga da shi an ce babu.

Na kira takwarana na hedikwata, wanda kullum in na kira sai mun yi raha kafin mu shiga magana. Bai ɗauka ba. Na yi ta kira. Da ya gaji ya ɗauka, ya ce mini da Turancin buroka yana cikin taro, in ɗan jira. Muryarsa ba yadda na saba ji ba, amma ban kawo komai a raina ba. Kaina yana cikin fayil ɗin saiti, ina neman waƙafi ko ɗigon da ya ɓata.

Da rana ta take, zufa ta jiƙa mini riga, sai na yi abin da kowane mai wannan aiki zai yi: na ce wataƙila abin da sabis ɗin ya haddace ne ya cuɗe. Na share haddar gaba ɗaya, na sake tayar da shi don ya ɗebo sabo daga Legas. Ba a jima ba 'yan kaɗan ɗin da suka samu shiga da safe su ma aka rufe musu ƙofa. Ofis ya ɗauki hayaniya. Hajiyar Kakau ta shiga motarta tana cewa ita da wannan kamfani har abada, sauran ma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya.

Na yi azahar ban san me na karanta ba. Da na dawo sai na ce bari in daina tambayar sabis ɗin mutum ɗaya ɗaya, in ce ya kawo mini duk wanda Legas ta sani. Sunaye suka zubo. Ga mutanen hedikwata, ga na sauran rassa, har da waɗanda ban taɓa ji ba. Na gangara inda namu suke zama. Wayam. Babu abokina, babu mai karɓar kuɗi, babu manaja kansa. Suna ɗaya tak ya rage a ƙarƙashin Kaduna, nawa.

Na daɗe ina kallonsa. Kuskuren na'ura ba ya zaɓe haka. Wani ne ya zauna a kujera, cikin sanyin ofis, ya cire mutane da hannunsa, ya bar wanda zai kwance wayoyi ya ɗaure kwalaye. Tun safe nake dukan sabis ɗin nan ina zarginsa, ashe shi kaɗai ne a kamfanin ya gaya mana gaskiya. Waɗanda suka shiga da safe ma haddarsa ce ta shigar da su kafin ya sake tambayar Legas a kansu, kuma ko ban share ba, da kanta za ta ƙare.

Ina cikin haka abokina ya turo ƙofa da leda a hannu.

"Injiniya, tashi ka ci wani abu. Tun safe ruwa kawai na ga ka sha. In ta ƙi yau, gobe ma rana ce."

Na kasa ɗago kai. Na ce, "Baba, zo ka gani."

Ya ajiye ledar, ya ciro gilashinsa, ya sunkuyo. Na nuna masa na sauran rassa, na nuna masa inda namu ya kamata su kasance. Mutum ne mai saurin fahimta, ban yi dogon bayani ba.

"Wato ba lalacewa ta yi ba," ya ce.

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

Can ya ce, "Sake tambayarta. Wani lokaci suna haɗa mini da sunan mahaifina. Gwada da shi."

Na san babu amfani, amma na rubuta. Ya ce in juya, in fara da na mahaifin. Na juya. Ya ce in gwada da sunan da aka yi masa baftisma da shi, wanda ko ni ban taɓa sani ba sai ranar. Na rubuta harafi bayan harafi yana faɗa mini. Amsar dai ɗaya ce.

Ya cire gilashin ya ninke a hankali. Saura kaɗan ya yi ritaya, autarsa kuma tana tsakiyar karatun jinya. Bai ambaci ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, "Kada ka gaya musu tukuna. Bari su gama cin abinci."

Ba ni na gaya musu ba ma. Bayan la'asar wata mota ta shigo da mutum biyu daga hedikwata da masu gadi sababbi. Aka tara mu a farfajiya, ɗayan ya ce an rufe reshen Kaduna daga yau, kowa ya ɗauki abin da yake nasa, za a neme mu. Mai karɓar kuɗi ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Wani direba ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ashe kai ka sani, shi ya sa kake ta wasa da mu tun safe." Abokina ne ya ce masa, "Bar yaron nan. Shi ma yanzu ya gani."

Ni aka bari na ɗan lokaci in tattara kaya. Na riƙa zuwa ofis ba kowa sai ni da masu gadin da ba su san sunana ba. Kowace kwamfuta sai in kunna ta, in cire ta daga domen, in tsayar da sabis ɗin, in hana shi sake tashi, sannan in naɗe waya. Abin da na yi makonni ina lallashi ya zauna, rubutu layi ɗaya ke kashe shi, kuma ko saƙo ba ya bari. Ranar da tirela ta kwashe kwalayen, kafin in isa gida wayata ta fara tambayata kalmar sirrin imel ɗin ofis. Ban ma gwada ba, na san nawa sunan ma an cire.

Abokina ya yi ta zirga-zirgar neman haƙƙinsa, yau a ce gobe, gobe a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Ya gwada kiwon kaji a bayan gida, ciwo ya shiga ya kwashe su. Autar ta bar makaranta ta koma tallar magani a wani shago. Ana cikin haka hawan jini ya kayar da shi a bakin titi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi.

Ni na samu wani aikin daga baya, a wata makaranta, kuma irin wannan sabis ɗin nake kula da shi har yanzu, don shi na iya. Sai dai ɗokin nan ya mutu. In na gama saita shi ba na jin na gina wani abu. Na san ƙofa na kafa, makullin kuma yana hannun wanda bai taɓa ganin fuskar masu shiga ba. In wani malami ya zo ya ce kwamfuta ta ƙi shi, kafin in taɓa komai, sai na fara leƙawa a ɓoye in ga ko sunansa yana nan. In na gan shi, sai in sauke numfashi in fara yi masa faɗan manyan baƙaƙe.

Ina son in ce muku abin ya koya mini wani darasi mai amfani, amma na duba ban samu ba. Na yi aikina daidai, na'urar ta yi nata daidai, mutane kuma suka watse.

Nakan je Gonin Gora lokaci lokaci. Matarsa tana fito da shi baranda, inda ake hango motocin Abuja suna wucewa. Yana gane ni, don da na zauna sai ya miƙo hannun da ke aiki ya riƙe nawa. Har yau ban san abin da zan ce masa ba. Shi ya sa nake zuwa da lemo, in zauna ina ɓare masa, yana sha a hankali, har matar ta leƙo ta ce iska ta fara yi masa yawa.