Ƙwaryar Iya da Ƙwaryar Cikin Kwamfuta

Idan damina ta yi nisa, masara ta nuna, a madafa muke hira a gidanmu na Wudil, domin tsakar gida duk laka ne. Da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhu, kowa da masararsa a kan garwashi. Iya, mahaifiyar babanmu, tana kan 'yar kujerarta, ƙafafu a miƙe, ƙwarya kife a cinya. Ƙwaryar ta tsufa har ta yi jawur, an ɗinke ta a gefe guda. Ba a dama fura a cikinta, ba a auna tsaba da ita. Ta kiɗa ce kawai.

Mahaifin Iya makaɗin noma ne a Lajawa, shi ke bin 'yan gayya da ganga. Ba a ba 'ya mace ganga, don haka duk abin da ta ji yana bugawa sai ta sauke shi a kan ƙwarya, da tafin hannu da zobba biyu na tagulla. Ni takan kira ni Maigida, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, matso nan," za ta ce. "Tunda ba ka kawo cefane ba, sai ka biya da kunne."

Sannan ta kalli ƙofa ta ce, "Ga wata baƙuwa can ta yi sallama." Mu kuwa mu haɗa baki, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Baƙuwar nan tatsuniya ce, wadda muka fi roƙonta kuwa ita ce ta ɗan kwaɗo. Wai a bakin kogi akwai wani ɗan kwaɗo da ke jin kunyar muryar uwarsa, don duk yamma idan ta kira shi tsuntsaye sai su fashe da dariya. Ya je wurin kanari ya roƙi aron murya, ya je wurin kurciya, ya je wurin zakara. Kowa ya sam masa kaɗan. Tasa kuwa ya cire ya ɓoye ƙarƙashin dutse. Ran nan kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwashe shi ya jefa cikin ciyayi. Uwar ta fito nema tana waƙa. A nan hannun Iya ke sauka kan ƙwarya:

Ɗana, ɗana, ina ka shiga?
Ruwa ya ci gona, ya ci hanya,
In kai ne, amsa da bakin gida.

Ya amsa da muryar kanari, uwar ta ce tsuntsu ne, ta wuce. Ta sake kira, ya amsa da ta kurciya, ta sake wucewa. Kowane kira da irin kiɗansa. A na uku Iya kan juya hannu wata irin juyawa, zobba su riƙa rige-rige da tafi, kiɗan ya yi kamar zai faɗi sai ya miƙe. Ko masara ta ƙone ba mai waiwayarta.

"Iya, ta same shi?" muke tambaya kullum.

"Ni dai na baro ta tana kira," za ta ce. "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya nemi tasa."

Ina aji biyu a makarantar kwana na zo hutu da wani abokina, Nazifi, ɗan cikin birnin Kano. A makaranta ba zagin da ya fi a ce maka ɗan maroƙa, ni kuwa ban taɓa gaya wa kowa sana'ar kakanninmu ba. Da yamma aka taru a madafa yadda aka saba. Iya ta yi murna da baƙo, ta ma zaɓa masa masara mafi girma. Tana cikin kira na biyu Nazifi ya zungure ni yana danne dariya.

"Kai Sagir, ashe kakarka maroƙiya ce?"

"Wa?" na ce. "Ba kakata ba ce. Wata tsohuwa ce 'yar ƙauye da Baba yake riƙo."

Na ɗauka a hankali na faɗa. Hannunta ya tsaya kamar na numfashi ɗaya, sannan ta ci gaba har ta kai ƙarshe. Da safe ta dama wa Nazifi fura, ta kira ni Maigida kamar kullum. Amma daga ranar ban sake ganin ƙwarya a cinyarta ba. Idan tatsuniya ta zo wurin waƙa sai ta ce, "Sai uwar ta yi waƙa," ta wuce gaba. Na lura. Na gaya wa kaina hannu ne ke mata ciwo. Shekarar da na gama sakandare Allah ya yi mata rasuwa, ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Yanzu ina koyarwa a firamare, idan na taso kuma ina haɗa kiɗa a wani ɗan ɗaki a gidana: kwamfuta, fiyano ƙarami, sifika biyu da makirufo. Bara wata mai shirin yara a gidan rediyo, Malama Rabi, ta nemi in shirya mata tatsuniya mai waƙa. Ban yi dogon tunani ba na ce zan yi ta ɗan kwaɗo.

Wani abokin sana'a a Kano ya zuba mini tarin sautukan kayan kiɗan ƙasashen duniya a filashi, irin waɗanda ake ɗauka daga hannun makaɗa na gaske a jera su a kan maɓallan fiyano. Sai da na share tsofaffin ayyuka kafin kwamfutar ta sami wurin ɗaukarsu. Ana tsakiyar sawa aka ɗauke wuta, batirin kuma ya mutu, na koma farko. Da aka gama na buɗe manhajar da nake aiki da ita, na danna fiyano, shiru. Na danna, shiru. Na kira abokin nawa.

"Ai bai san inda ka ajiye sautukan ba," ya ce. "Nuna masa foldar da ka zuba su, zai yi magana."

Na nuna masa, ya kuwa yi magana. Ga sarewar Indiya, ga wani molo na Turkiyya, ga ganguna da ban san sunansu ba. Na ɓata kusan awa ɗaya ina wasa da su kamar ƙaramin yaro. Can ƙasan jerin na ga ƙwarya, an rubuta daga Afirka ta Yamma. Hoton da ke jiki hannuwa biyu ne a kan ƙwarya, ba fuska, ba suna. Wannan maɓalli tafi ne, wancan yatsa, na gaba zobe. Ka danna a hankali ya fito a hankali, ka danna da ƙarfi ya yi ƙarfi. Da na taɓa na zoben sai da na janye hannuna.

Kira na farko da na biyu ba su ba ni wahala ba. Na buga su yadda na tuna, na sa manhajar ta daidaita kowane bugu a kan layi. Na ukun ne ya gagara. Ina jin sa a kaina sarai, amma da na kai yatsa kan fiyano sai ya watse. Kwana uku ina kansa.

Rana ta huɗu da hantsi Gwaggo Talatu, ƙanwar babana, ta zo daga Indabo ganin likitan ido, ta biyo ta gidana. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya damina, ya mutanen Indabo, ya ƙarfin jiki. Kiɗan na ta juyawa a ɗaki, na manta ban kashe ba. Ta karkata kai.

"Wa ke kiɗan ƙwarya a gidan nan?"

"Na'ura ce, Gwaggo."

Ta shiga ta tsaya gaban sifika. "To ita wa ya koya mata?"

Na yi mata bayani cewa wani makaɗi aka ɗauka, bugu ɗaya-ɗaya, ni kuma nake jera su.

"Ɗan gidan wa?"

"Ba su rubuta ba."

"Allah sarki," ta ce. "Hannunsa da daɗi. Amma ka sa shi yana tafiya kamar soja. Kiɗan Iya ne kake nema, ko?"

Na ce shi ne. Ta sa matata ta kawo ƙwarya daga madafa, ta zauna a ƙasa ta kife ta. Ta buga kira na farko, na ji inda nawa ya yi tauri: ita takan ɗan jinkirta bugu na uku, kamar mai tsallake kwata. Na cire daidaitawar nan, na bi hannunta da kunne har ya zauna. Haka muka yi na biyu. Da muka zo na uku sai ta ɗora tafukanta kan ƙwaryar, ba ta buga ba.

"Wannan ban iya ba," ta ce. "Ba wanda ya iya a cikinmu. Ta sha gwada mana, hannunmu ya ƙi. Cewa take kai ka ɗauko kunnen babanta, tana jira ka zo hutu ta ɗora hannunka a kai. Sai ka zo da baƙon nan."

Na ce, "Gwaggo, dama kin sani?"

"Duk gidan an sani, Sagiru. Ƙannenka ba kurame ba ne. Babanka har ya ɗauko bulala, ita ta tare ƙofa. Ta ce a ƙyale ka, ai ba duka ne ƙarya ba, riƙonta ake yi, kuma 'yar ƙauyen ce."

"Ƙwaryar fa?"

"Ta ba da ita aka riƙa zuba wa awaki dusa, har ta fashe."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta miƙa wa matata ƙwaryarta, ta ce kada ta makara layin asibiti. Na raka ta bakin titi, na kasa haɗa ido da ita.

Da ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada mutum ya yi aro. Yanzu ban ga laifin aro ba. Har gobe ina amfani da sautukan nan, sarewar Indiyar ma ta shiga waƙoƙina da dama, kuma ina yi wa mai hannuwan nan da ba a rubuta sunansa ba fatan alheri duk inda yake. Abin da ke hana ni sakewa shi ne lissafin hutun da na yi a gida bayan waccan ranar. Sau nawa na zauna gaban murhu, na ga cinyarta ba komai, na ji ta tsallake waƙa, na ci masarata na tashi? Kalma ɗaya ta isa. Da na ce, "Iya, ina ƙwaryar?" na san da ta aika an nemo wata. Kunyar abin da na faɗa ce ta hana ni gyara shi, na bar ta ta yi ta girma har ta fi laifin.

Na gwada cike gurbin da wani kiɗa na kaina, na ji ƙarya ce, na goge. A ƙarshe na miƙa aikin da kira na uku ba kiɗa, murya ce tsura. Malama Rabi ta yaba ƙwarai, ta ce wurin nan da ƙwarya ta ɗauke shi ya fi taɓa ta, wai dabara ce ta gwanaye. Na yi godiya, ban gyara mata ba.

Bayan an sa shirin da 'yan makonni, ina wucewa ta bayan aji uku lokacin hutun tara na ji 'yan mata suna rera waƙar, suna buga benci. Na tsaya jikin taga. Suka yi kira na farko da kiɗansa, suka yi na biyu, har da 'yar jinkirin nan ta Gwaggo. Da suka zo na uku, sai duk suka ɗauke hannuwansu daga bencin suka rera shi haka nan. Wata ƙarama ta manta ta ci gaba da bugawa, babbarsu ta riƙe mata hannu.

"Ke, ba a kiɗa a nan," ta ce. "Haka waƙar take."