Mai Dusa da Shanun Babanmu

Ko zan manta komai na shekarun nan na tsadar rayuwa, ba zan manta satin da aka sace wa babanmu shanun huɗa guda biyu ba, ga damina ta kawo kai. Lokacin ina koyar da darasin tattara bayanan sirri a jami'a, ina ji da kaina. Na taho ƙauyenmu da ke wajen Kunci da jaka cike da takardun tambayoyi, na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa.

Kwana uku ina bin gida-gida. Duk wanda ya ga biro a hannuna sai ya ce shi bai ma san Baba na da shanu ba. Wata tsohuwa kuwa ta ɗauka rabon taki za a yi, ta zayyano mini sunayen jikokinta kaf.

Kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin farin kaya ya koma noman gyaɗa, yana ta kallona. Rana ta huɗu ya ce, “Malam, ajiye jakar nan ka raka ni kasuwa.”

Wajen wata mai sayar da dusa muka zauna. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka koka da tsadar masara, ni kuwa ina ta duba agogo. Ko sau ɗaya bai ambaci shanu ba. Can ya ce, “Hajiya, ai yanzu dusa sai mai garke.”

Ta yi dariya. “Ina fa! Ga mai facin bakin tasha, ko akuya ba shi da ita, amma tun ranar Talata kullum sai ya aiko a auna masa.”

Kawu ya wuce wajen dagaci. Kafin la'asar an fito da shanun daga wani kango a bayan gidan mutumin, Baba na shafa su yana hamdala.

Don in fita kunya na ce, “Kawu, ai wannan dabarar tana da suna a littafi.”

Ya ce, “To, sunan ya nemo shanun? Amma ka ga, duk daɗewata a aikin nan ba malamin da ya taɓa zuwa ya tambaye ni, ni ma ban taɓa buɗe littafinku ba.”

Ranar na gane cewa ilimin da bai iya zama a kan tabarma a gaisa ba, da sauransa. Har yau duk hutu ina zuwa ɗaukar darasi a gonar Kawu, ba biro.