Enash, Ina Shi?

Maigidana kafinta ne, duk bencin da ke cocinmu aikin hannunsa ne. Shekara arba'in yana saɓa katako shi kaɗai kamar mai gasa da jaki. Da baya ya riƙe masa, likita ya ba shi sanda, sai ya shige ɗaki ya ƙi fita, wai kada a ga giwa tana ɗingishi.

Ran nan fasto ya zo gaishe shi, ya zauna bakin gado yana bayanin wata kalmar harshen Aramiya da ke cikin Littafi Mai Tsarki, enash, wato mutum.

Tsohon nawa kunne ya yi nauyi. Ya ce, "Ina shi? Wa ake nema?"

Na ce, "Kai mana! Wata biyu ke nan ana yi mini wannan tambayar a bakin coci."

Fasto ya yi dariya har da hawaye. Ya ce masana da dama suna danganta kalmar da rauni: mutum mai gajiya, mai ciwo. Kuma a cikin Littafin, wanda aka ba sarautar da ba ta ƙarewa, da ɗan enash, wato ɗan mutum, aka kwatanta shi.

Maigida ya ce, "Shi bai ji kunyar sunan ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ran Lahadi maigida ya riga ni shiri, sanda a dama, kafaɗata a hagu. A hanya yake cewa, "Tsohuwa, kin fi sandar nan karkata."

Na ce, "To sake ni."

Ya ƙara damƙe ni, muka shiga coci.